Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa: Ofishin Kwanstabul a Jihar Teksas

 Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Za mu ƙetara teku zuwa jihar Teksas ta Amurka, mu leƙa wani ofishi da ko Amurkawan wasu jihohin ba su cika sanin aikinsa ba, wato ofishin kwanstabul.

Kada sunan ya sa ku tuna ƙaramin ɗan sandan da muka saba gani a bakin titi. A Teksas kwanstabul shi ne shugaban ofishinsa, kuma ba naɗa shi ake yi ba. Takara yake tsayawa a inuwar jam'iyya, ya buga fosta, ya bi unguwa-unguwa yana roƙon ƙuri'a. In ya ci, ya yi shekara 4, sannan ya sake komawa gaban jama'a. Yana da kaki, yana da bindiga, yana da ikon kama mai laifi. To amma babban aikin da doka ta ɗora masa shi ne ɗaukar takardar kotu ya kai ta ƙofar wanda aka rubuta wa. Ke nan mutumin da zai zo ya fitar da kai daga gidan haya bana, shi ne zai dawo baɗi yana neman ka zaɓe shi.

Ofishin ya girmi jihar kanta. A watan Maris na 1823, lokacin Teksas tana hannun Meksiko, wani alƙali mai suna John Tumlinson, a matsugunin baƙin da Stephen Austin ya kafa, ya naɗa Thomas Alley domin ya riƙa kiran shaidu yana kawo masu laifi gaban shari'a. Kundin tsarin mulkin jihar na 1876, wanda har yau da shi ake aiki, ya ce a riƙa zaɓen kwanstabul a kowace shiyya. Da wa'adin shekara 2 ne, sai a 1954 aka mai da shi 4.

Teksas tana da gundumomi 254, kowace an yanka ta shiyya-shiyya, daga 1 zuwa 8 gwargwadon yawan jama'arta. A kowace shiyya akwai ƙaramar kotu da alƙalinta, wanda shi ma zaɓarsa ake yi, kuma doka ba ta ce lallai sai lauya ba. Nan ake kai ƙananan ƙararraki: bashin da bai wuce dala 20,000 ba, laifin tuƙi, rigimar mai gida da ɗan haya. Alƙali ya yanke, kwanstabul ya aiwatar. Shi ke tsare zauren kotun ranar zama, shi ke kai sammaci, shi ke kai takardar kiran shaida, shi ke neman wanda aka ba da umarnin a kamo.

A ƙauyukan yammacin jihar, inda shanu suka fi mutane yawa, sai ka tarar ofishin gaba ɗaya mutum ɗaya ne da motarsa. Akwai ma inda kujerar kan zauna ba mai nemanta, har a 2002 aka gyara tsarin mulki don a iya rufe ofishin da ya shekara 7 babu kowa a kai. Amma a gundumar Harris, inda birnin Hustan yake, mai mutum sama da miliyan 4 da dubu 700 a ƙidayar 2020, zancen daban ne. Kwanstabul 8 gare ta, kuma na shiyya ta 4 kaɗai yana da ɗaruruwan jami'ai a ƙarƙashinsa, ya fi rundunar 'yan sandan garuruwa da dama.

Bari mu bi aikin da ya fi kowanne ɗaci, mu ga yadda yake tafiya.

Ɗan haya ya kasa biya. Mai gida ba shi da ikon korarsa da ƙarfin tuwo. Sai ya ba shi notis a rubuce, galibi na kwana 3, sai fa in yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu daban. In bai tashi ba, mai gida ya shigar da ƙara, a kai wa ɗan haya sammaci. In alƙali ya bai wa mai gida gaskiya, ɗan haya yana da kwana 5 na ɗaukaka ƙara. In kwanakin suka wuce shiru, kotu ta fitar da takardar mallaka, kuma daga nan magana ta koma hannun kwanstabul. Jami'insa zai je ya liƙa gargaɗi a jikin ƙofar gaba, aƙalla awa 24 kafin ranar. Ranar kuwa, zai tsaya ya sa ido, ma'aikatan da mai gida ya ɗauko su kwashe katifa da tukwane da kayan wasan yara su jibge a waje.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu da dokar ta gindaya a nan. Ba a ajiye kayan inda za su tare hanyar jama'a. Kuma ba a fitar da su ana ruwan sama ko ana zubar ƙanƙara. Duk wanda ya rubuta wannan layi, ga alama ya taɓa ganin katifar wani tana jiƙewa a titi. Tausayi ne ɗan kaɗan, amma a ranar da ba ka da komai, ɗan kaɗan ɗin ma abu ne.

A gundumar Harris ana shigar da irin wannan ƙara dubun dubata a kowace shekara. Jami'in da aka aika bai yanke hukuncin ba, ba shi kuma da ikon soke shi. In ya ƙi aiwatarwa ma, doka na iya hawa kansa. Abin da ya rage masa shi ne yadda zai yi: ko ya yi magana da taushi, ko ya ba tsohuwa minti goma ta nemo magungunanta, ko ya kira wata ƙungiyar agaji kafin ya bar wurin. A lokacin annobar korona, hukumar lafiya ta tarayya ta dakatar da korar masu haya da yawa daga watan Satumba na 2020, har Kotun Ƙoli ta soke dakatarwar a watan Agusta na 2021. A wannan tsakani jami'an sun ga gaba kura baya sayaki: ga masu gida da bankuna ke bin su bashi, ga 'yan haya da aiki ya tsaya musu.

Haka abin yake in bashi ne. Kotu ta ce wane ya biya, ya ƙi ko ya kasa, sai a ba kwanstabul takardar kama dukiya ya yi gwanjonta. Gwanjon filaye da gidaje yana da ranarsa, Talatar farko ta kowane wata, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Sai dai Teksas ta yi suna wajen kare mai bashi. Gidan da mutum yake zaune a ciki, ba a sayar da shi don bashin kasuwa, sai irin bashin sayen gidan kansa ko haraji. Kayan amfanin iyali da darajarsu ba ta haura dala 100,000 ba su ma an kare su. Ku saurari abin da dokar ta lissafa a ciki: kayan sana'a, bindigogi 2, dawaki ko alfadarai ko jakuna 2 kowanne da sirdinsa da linzaminsa, shanu 12, sauran dabbobi 60, kaji da danginsu 120. Da jin wannan ka san makiyaya da manoma ne suka kafa ƙasar. Mazaunin bene a tsakiyar Hustan ba shi da ko akuya, amma jakunansa biyu suna nan a rubuce, doka ta ajiye masa.

Wannan ita ce fuskar da ba a murnar gani. Akwai ɗaya fuskar, wadda ake bugawa a fosta.

In za ka yi tafiya, kana iya sanar da ofishin ranar fita da ranar dawowa, motar sintiri ta riƙa zagayawa tana duba gidan, ba ko sisi. In kana wata jiha, ka kira tsohuwarka ba ta ɗauka ba, kana iya roƙon jami'i ya je ya ƙwanƙwasa ya ga lafiyarta. Suna shiga makarantu suna yi wa yara bayani, suna raba kayan karatu da kayan wasa a ƙarshen shekara, wasu suna koya wa mata dabarun kare kai. A Harris, ofishin shiyya ta 1 shi ke ɗauko mai taɓin hankalin da kotu ta ce a kai asibiti, aikin da ke son haƙuri fiye da ƙarfi. Shi ke gadin kotunan tsakiyar gari, kuma yana da sashen da ke ɓoye kyamarori don kama masu zubar da shara da tsofaffin tayoyi a unguwannin talakawa cikin dare. Akwai masu bin kadin dabbobin da ake azabtarwa, akwai masu sintiri a manyan titunan da ake biyan kuɗi kafin a hau. Da guguwar Harvey ta sauka a watan Agusta na 2017, ta zuba ruwan da ya haura mita guda a wasu sassa cikin kwana 4, jami'an kwanstabul suna cikin waɗanda suka shiga da kwale-kwale da manyan motoci suna kwaso mutane. Sanin lungu ya yi rana a lokacin, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Yanzu ga inda gardama take. Kusan mutum miliyan 2 a gundumar Harris suna zaune a unguwannin da ba sa cikin iyakar kowane birni, saboda haka ba su da 'yan sandan birni. Sherif, babban jami'in tsaron gunduma, shi ke da alhakinsu, amma faɗin ƙasar ya yi yawa. Sai aka fito da tsarin kwantiragi. Ƙungiyar masu gidaje a unguwa, ko hukumar ruwan yankin, ta tara kuɗi ta ƙulla yarjejeniya da kwanstabul ko sherif. Misali, unguwa ta biya kashi 70 cikin 100 na kuɗin jami'i guda, shi kuma ya yi kashi 70 na lokacin aikinsa a cikinta, ragowar gunduma ta cike daga harajin kowa. Kamar dai yadda unguwanninmu ke karo-karo su biya 'yan sintiri, sai dai wannan cikakken jami'in hukuma ne, da motar hukuma da ikon kamu.

Masu son tsarin suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce kuɗinsu ya ƙara yawan jami'ai a titi, kuma jami'in da aka biya dominsu yakan amsa kiran maƙwabta in ta ɓaci. Sun san sunansa, suna da lambarsa, in suka kira yana zuwa cikin mintuna. Masu suka kuma suka ce to ai wannan iya kuɗinka iya shagalinka ne, kuma kashi 30 ɗin da gunduma ke cikawa har da harajin matar da unguwarsu ba za ta taɓa iya biyan kwantiragi ba.

Ni dai a ganina masu sukar sun taɓo inda ke ciwo. Ba wai jami'an mugaye ba ne. Abin shi ne mota ɗaya ce, tambari ɗaya, amma ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. A wata unguwa, in ta shigo, yara su ɗaga hannu, don iyayensu ne suka biya ta zo. A wata kuwa, in ta tsaya, sai a leƙo ta taga a ga ƙofar wa za a liƙa wa takarda. Kuma zaɓaɓɓen shugaba ya san wace unguwa ce ke fitowa ranar ƙuri'a.

Sannan akwai batun wa ke sa ido a kan ofishin. Kwanstabul ba ya ƙarƙashin sherif, ba ya ƙarƙashin magajin gari. Majalisar gunduma ke ba shi kasafi, amma ba ta da ikon sallamarsa. Dokar jiha tana buƙatar sabon kwanstabul ya mallaki lasisin jami'in tsaro cikin kwana 270 da hawa kujera, in bai yi ba ya rasa ta. Bayan wannan, sai kotu, sai masu ƙuri'a. A 2016 aka gano cewa an lalata kayan shaida sama da 20,000 a ma'ajiyar shiyya ta 4, abin da ya tilasta wa masu gabatar da ƙara janye shari'u fiye da 100. Mai ƙuri'a ba ya ganin cikin ma'ajiya. Motar da ke wucewa ta ƙofarsa yake gani.

Dattawanmu da suka ga zamanin En'e za su ji wannan gardama ba baƙuwa ba ce. 'Yan doka da dogarai sun san kowane gida da mai shi, kuma wannan sanin shi ne amfaninsu, shi ne kuma abin da aka yi kuka da shi lokacin siyasar jamhuriya ta farko, har gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Yau da ake ta muhawarar 'yan sandan jihohi a Najeriya, tambayoyin da Hustan ke fama da su suna jiran mu: wa zai biya, wa zai ba da umarni, wa zai duba ma'ajiya.

A Teksas dai ofishin ƙarfi yake ƙarawa. A 2021 majalisar jiha ta yi dokar da ta hana manyan gundumomi rage kasafin jami'an tsaro sai da amincewar masu ƙuri'a. Shekara guda bayan haka, saboda majalisar gundumar Harris ta hana ofisoshin ajiye ragowar kuɗin shekara zuwa ta gaba, kwanstabul biyu, Mark Herman na shiyya ta 4 da Ted Heap na shiyya ta 5, suka kai kuka ga gwamnan jiha, babban mai kula da baitulmalin jihar kuma ya goya musu baya. An yi zaɓen kwanstabul na baya-bayan nan a watan Nuwamba na 2024, rana ɗaya da na shugaban ƙasa, sunayensu can ƙasan doguwar takardar ƙuri'a. Na gaba sai 2028.