Hutun Minti Biyar Ba Lalaci Ba Ne

A unguwar Barade da ke Jalingo, idan jarabawar WAEC ko JAMB ta ƙarato, sai ka ga ɗalibi ya yi zaman dirshan na awa huɗu a gaban littafi, iyaye suna yaba ƙwazonsa. A tambaye shi abin da ya karanta a awa ta uku, da ƙyar ya kawo shi. Ido yana kan takarda, hankali kuwa tuni ya yi nasa wuri. A ganina wannan wahala ce kawai, kuma akwai hanyar da ta fi ta.

A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗalibin jami'a a Italiya, Francesco Cirillo, ya riƙa auna karatunsa da ƙaramin agogon kicin mai siffar tumatir, shi ya sa ake kiran tsarin Pomodoro, wato tumatir da harshensu. Mutum zai duƙufa kan abu guda na minti 25, ya huta minti 5, bayan zagaye huɗu ya yi hutu mai ɗan tsawo. A 2011 Atsunori Ariga da Alejandro Lleras na Jami'ar Illinois a Amurka sun ba mutane aikin lura na minti 50. Waɗanda aka ɗauke wa hankali na ɗan lokaci sau biyu ba su yi sanyi ba, sauran kuwa lurarsu ta yi ta raguwa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar allo ta daɗe tana yanka yini gunduwa-gunduwa: karatu bayan Asuba, a tashi da hantsi, a dawo da yamma, a sake zama da dare, Alhamis da Juma'a a huta. Da wannan tsari aka yaye mahaddata ba adadi.

Wani zai ce telan da ɗinkin Sallah ya yi wa yawa ba shi da minti biyar na zubarwa, kuma tsayawa tana katse hannu idan aiki ya yi daɗi. Akwai gaskiya a nan, domin 25 ba aya ba ce, wanda aikinsa ke buƙatar minti 45 sai ya ƙara. Amma telan da bai miƙe ba tun Azahar, a zafin watan Maris, shi ne zai yanka shaddar mutane ba daidai ba, ya ɓata awa guda yana gyara. Inda tsarin ke rushewa shi ne a cikin hutun kansa. Wanda ya ɗauki waya ya leƙa TikTok bai huta ba, kuma minti biyar ɗinsa za su koma arba'in. Gara ya tashi ya sha ruwa, ya taka zuwa bakin ƙofa, wayar tana wani ɗaki.