Kiwon awaki a Jigawa: Me ke hana ƙananan manoma cin riba?

A garuruwa irin su Sundimina da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da ƙauyukan Gwaram a kudancin jihar Jigawa, da wuya a shiga gidan manomi ba a tarar da akuya ɗaure a turke ba.

Galibi dai mata ne ke da waɗannan awaki, kuma su ne asusun gida. Su ake sayarwa a sayi takin zamani, ko a kai mara lafiya asibiti, ko a yi wa 'ya kayan ɗaki.

Wannan ne ya sa gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, ta ɓullo da shirin bai wa mata rancen awaki a ƙananan hukumomi 27 na jihar. Kowace mace ta kan sami awaki biyu da bunsuru ɗaya, ta biya daga abin da suka haifa.

To sai dai mallakar akuya ba ita ce riba ba. Akuya kan yi kimanin wata biyar da ciki, kuma idan ta sami kulawa tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, sau da dama tagwaye. Ribar mai kiwo ta dogara ne a kan yawan 'ya'yan da suka rayu har suka isa kasuwa, kuma abubuwa uku ne ke rage su.

Cuta

Babbar barazana ita ce annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a ƙasar Kwadibuwa a 1942.

Alamunta sun haɗa da zazzaɓi, da majina, da gyambo a baki, da gudawa. Idan ta faɗa wa garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, tana iya hallaka mafi yawansa cikin 'yan makonni.

Cutar ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato na sarrafa allurar, wadda ke kare dabba na tsawon akalla shekara uku.

A 2015 ne hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da cutar baki ɗaya nan da 2030.

Sau da yawa cutar na shiga gida ne ta hanyar dabbar da aka sayo a kasuwa. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a keɓe sabuwar akuya na wasu makonni kafin a haɗa ta da sauran.

Da damina kuma tsutsar ciki ce ke addabar awaki, musamman a kudancin jihar inda ruwan sama ya fi na arewaci yawa. Ɗaure su wuri guda mai danshi, cikin kashinsu, na ƙara tsananta matsalar.

Abinci

Matsala ta biyu ita ce ƙarancin abinci daga tsakiyar rani zuwa bazara.

A wannan lokaci akan saki awaki su nema wa kansu, inda wasu kan ci leda a juji, ta cushe musu ciki. Uwar da ba ta ƙoshi ba kuwa ba ta samar da isasshen nono, sai 'ya'yan su rame ko su mutu.

Mafita tana cikin gonar manomin. Harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗaure da ganyenta tun da kaka, aka adana inda rana da ruwa ba za su lalata ta ba, ta fi karan dawa gina jiki nesa ba kusa ba. Idan aka haɗa da dusa da 'ya'yan gawo da ɗan gishiri ko kanwa, da ruwan sha mai tsabta, mai ciki da mai shayarwa kan tsallake rani lafiya.

Iri

Na uku shi ne zaɓen bunsuru. Da yake manyan maza ne ke da tsada, su ake fara kai wa kasuwa, a bar ƙanana suna barbarar iyayensu da 'yan uwansu. A hankali sai garken ya tsumbure.

Alhali kuwa yankin na da iri mai daraja. Jar akuya, wadda ake kira 'yar Sakkwato a Najeriya ko 'yar Maraɗi a Nijar, ta yi suna wajen yawan haihuwa, kuma fatarta na cikin waɗanda suka fi kyau a duniya. Jamhuriyar Nijar ma tana da cibiya ta musamman a Maraɗi domin adana wannan iri, yayin da a Najeriya cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika kusa da Zariya ke nazari a kansa.

Abin da ake buƙata a ƙauye shi ne a riƙe bunsuru mafi kyau, a riƙa musanya shi da na wani gida ko wani gari lokaci zuwa lokaci, a kuma dandaƙe sauran domin kiwata su.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar babban jari. Sai dai allurar rigakafi ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin tana buƙatar sanyi da ma'aikacin da zai kai ta ƙauye, kuma tasirinta ya fi ƙarfi idan aka yi wa awakin gari gaba ɗaya. A nan ne aikin hukumomi da ƙungiyoyin mata masu kiwo yake.