Hakkin Ma'aikatan Sababbin Asibitoci a Samaru da Sabon Gari

Ya ku malamai da attajirai, ga magana a kan masu jiyyar iyalanmu.

Albarkacin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru cikin 1962, ƙasar Zazzau ba ta rasa likitoci da masu haɗa magani. Waɗansunsu sukan haɗa jari da 'yan kasuwa, su buɗe ɗan asibiti a Samaru ko Sabon Gari.

Ma'aikatan irin waɗannan wurare sukan yaba abu guda, wato maigida yana kusa, yaro yana koyon aiki da wuri. Kukansu kuwa, mutum ɗaya shi ne mai allura, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai aikin dare. Kuma in ciniki ya ja baya, albashi ya makara.

Cikin 2024 gwamnatin tarayya ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Amma fa dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, sabon asibiti kuwa da wuya ya kai haka. Ashe hakkinsu ya rataya ga amanar maigida kaɗai.

In aka tauye ungozoma gwana, sai ta nemi babban asibitin Shika ko ta haye Saudiyya, mai naƙuda ta faɗa hannun ɗan koyo. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Saboda haka, attajirin da aka nema ya zuba jari, ya fara duba littafin albashi kafin na riba.