Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da Masu Bincike Ke Aunawa a Kogunan Kano

Tun zamanin da Kano ta yi suna wajen jima. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, amma masana'antun zamani da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam suke jeme fata. Aikin yana shan ruwa mai yawa, kuma in ba a tace dagwalonsa ba, kogi ne makomarsa. Dagwalon Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa. Na Bompai kuwa ta rafin Getsi yake faɗawa Jakara, har madatsar ruwa ta Wasai.

Abubuwa biyu injiniyoyin muhalli suka fi sa wa ido. Na farko shi ne iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Kitse da gashi da tarkacen nama suna ruɓewa a kogi, ƙwayoyin bakteriya da ke cin su kuma suna shanye oksijin ɗin. Don gane yawan wannan ƙazanta, akan ɗebi ruwa a kwalba, a auna oksijin ɗinsa, a rufe, a ajiye cikin duhu kwana 5 a zafin digiri 20, sannan a sake aunawa. Gwargwadon abin da ya ragu, gwargwadon dattin ruwan.

Na biyu shi ne kuromiyam. Shi ba ya ruɓewa; a laka yake kwanciya ya yi ta taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha. Ido ba ya ganin irin wannan ƙanƙani, alhali da ruwan Jakara masu lambu ke shayar da latas da alayyahu.

Matsalar ba ta tsaya a Kano ba. A kusa da Tamburawa Challawa ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, wanda ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya suka dogara da shi.

Magani kuwa sananne ne. In aka zuba sinadari mai kaifin kanwa a dagwalon jima, kuromiyam zai kwanta a ƙasa, a kwashe shi a sake jima da shi. Tare shi a cikin masana'anta aiki ne na 'yan sa'o'i. In ya riga ya shiga laka, shekaru zai yi a can.