Koyon sana'a a Rusaifa: tsakanin dokar gwamnati da ƙa'idar maigida

A unguwar Rusaifa da ke yammacin birnin Makka ne aka gina babbar tashar jirgin ƙasan nan na Haramain, mai gudun kilomita 300 cikin sa'a guda, wanda Sarki Salman ya ƙaddamar a watan Satumban 2018 domin haɗa Makka da Madina ta hanyar Jidda. A farkon shekarar 2022 kamfanin Renfe na ƙasar Sifaniya, wanda ke cikin masu gudanar da jirgin, ya yi shelar yana neman mata 'yan Saudiyya 30 da za a koya wa tuƙi, sai ga masu nema kimanin 28,000. Waɗanda suka dace sun shafe shekara guda suna koyo, wani ɓangare a aji wani a bakin aiki, ana kuma biyan su, kafin a yaye 32 daga cikinsu a farkon 2023.

Irin wannan shi ne koyon sana'ar da mahukuntan Saudiyya suka amince da shi: akwai yarjejeniya a rubuce, akwai wa'adi, akwai takardar shaida a ƙarshe. To amma ba da nisa da wannan tasha ba, a lungunan Rusaifa da Hindawiyya da kuma Sharamansur, kamar yadda Hausawa ke kiran titin Mansur, akwai wani tsarin koyon da ya girme shi nesa ba kusa ba, wanda kuma babu ambatonsa a kowane littafin gwamnati.

Mazaunan waɗannan unguwanni da dama jikoki ne na alhazan Afirka ta Yamma. Wasu kakanninsu sun taso ne tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas don gudun mulkin Turawa, wasu kuma sun biyo baya a hankali, suna tafe suna ƙwadago ta Chadi da Sudan har suka tsallake Bahar Maliya. Daga cikinsu akwai waɗanda suka samu zama 'yan ƙasa, su ne ake jin sunayen iyalansu kamar Hausawi da Fallata da Barnawi, har ma a ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar. Akwai masu takardar izinin zama, wato igama. Akwai kuma waɗanda aka haifa a Makka, aka haifi iyayensu a Makka, amma ba su da ko ɗaya, domin dokar ƙasar ta uba take bi wajen ba da 'yancin zama ɗan ƙasa, ba ta wurin haihuwa ba. A gida Nijeriya da Nijar akan yi musu kuɗin goro a kira su Takari, alhali kuwa a idon dokar ƙwadago rukuni uku ne mabambanta, kuma wannan bambanci shi ke yanke wa yaro hanyar da zai bi ya koyi sana'a.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta 2005 ta keɓe babi guda kan horar da ma'aikata, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga an yi tunani a ciki. Ta ce tilas yarjejeniyar koyo ta kasance a rubuce, a bayyana sana'ar da za a koyar, da tsawon lokacin, da matakan da mai koyo zai taka ɗaya bayan ɗaya, da kuma ladan da za a ba shi a kowane mataki. Ta hana a ɗaura wannan lada a kan yawan abin da ya ƙera ko ya ɗinka, hikimar kuwa a fili take: yaron da ake biya gwargwadon rigunan da ya gama ba zai taɓa barin ɗinkin maɓalli ya zauna koyon yanka ba, maigidansa ma ba zai so ya bari ba. Mai koyo yana da haƙƙin hutu, da iyakar sa'o'in aiki, da kariya idan ya ji rauni a bakin aiki, daidai da cikakken ma'aikaci. Kowane ɓangare na iya warware yarjejeniyar, amma sai ya ba da sanarwar aƙalla mako guda. Kamfanin da ya kashe kuɗinsa kuma yana iya sharɗanta wa wanda ya horar ya yi masa aiki na wani lokaci bayan yaye.

Sai dai tun daga tushe an gina wannan tsari ne don wata manufa guda, wato maye gurbin baƙi da 'yan ƙasa. Dokar ta 2005 ta wajabta wa duk kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya horar da 'yan Saudiyya da yawansu ya kai kashi 6 cikin 100 na ma'aikatansa a kowace shekara, gyaran da aka yi a 2015 kuma ya ɗaga adadin zuwa kashi 12. Hukumar koyar da sana'o'i da fasaha da aka kafa a 1980 ita ke kula da kwalejoji da cibiyoyin horo, asusun raya ƙwarewar ma'aikata na Hadaf, wanda aka kafa a 2000, shi ke tallafawa da kuɗi. A ƙarƙashin shirinsa na Tamhir, alal misali, akan tura matashin da ya gama jami'a wani kamfani na tsawon wata uku zuwa shida, asusun yana ba shi riyal 3,000 a wata. A Jidda akwai cibiyar koyar da kanikancin mota da aka buɗe a 2002 tare da haɗin gwiwar ƙasar Japan, inda ake shekara biyu ana koyo. Kamfanin mai na Aramco ma yana da nasa tsohon shirin na ɗaukar waɗanda suka gama sakandare. Dukansu abin da ake fara tambaya a bakin ƙofa shi ne katin ɗan ƙasa.

Ga Bahausawi mai katin, hanya a buɗe take, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Ga maƙwabcinsa da suka yi wasan ƙasa tare, labarin daban ne. Shi nasa koyon irin na Kano ne ko Maraɗi: uba ko kawu ya kama hannun yaro ya kai shi gareji, ko shagon tela, ko wurin mai walda, ko mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sana'ar da ba ta rasa kasuwa a zafin Makka. Yaro ya fara da shara da miƙo sifana, ya yi ta kallo har hannunsa ya faɗa. Babu wa'adi sai ranar da maigida ya ga dama, babu takarda sai shaidar jama'a. Ta haka ne ma gashin tsire ya bi hannu zuwa hannu har ya zama abincin mutanen Hijaz, waɗanda ke kiransa siriyya.

Ba a raina wannan hanya ba, don ta ciyar da gidaje shekara da shekaru. Matsalarta ita ce ko maigidan ya so ya yi wa yaransa rajista, babu ta inda zai fara. Kafin a rubuta yarjejeniyar da hukuma za ta karɓa, dole shagon ya kasance da rajistar kasuwanci da sunan mai shi na gaskiya, alhali sau da yawa baƙo ne ke da jari da gwaninta, ɗan ƙasa kuma ya ba da aron suna. Wannan shi ake kira tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5 a kansa. Dokar ƙwadagon ta kuma hana baƙo yin aiki ga wanin wanda ya ɗauke shi, ko yin aikin kansa, ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba. Saboda haka maigidan da ya kai sunan yaronsa ofis tamkar ya kai ƙarar kansa ne.

A halin da ake ciki kuma filin sai ƙara tsukewa yake yi. Shirin Nitaƙat na 2011 ya rarraba kamfanoni launi-launi gwargwadon yawan 'yan ƙasar da suka ɗauka, wanda ya faɗa ja sai ya rasa damar sabunta wa baƙinsa izinin aiki. A ƙarshen 2013, da kuma 2017, an yi gagarumin kame da tasa ƙeyar marasa takardu. Abin da ya faru da sana'ar wayar salula a 2016 shi ya fi fito da yadda tsarin ke aiki: gwamnati ta ba da wata shida a mayar da sayarwa da gyaran wayoyi gaba ɗaya hannun 'yan ƙasa, hukumar koyar da sana'o'i ta buɗe azuzuwa kyauta don cike gurbin. Ta fuskar manufar gwamnati an cimma buri. Amma saurayin da ya shekara biyar yana koyon gyaran waya a hannun wani, ba tare da katin ɗan ƙasa ba, ya wayi gari sana'arsa ta haramta gare shi. Shagunan zinariya suka bi sahu a ƙarshen 2017. Tun daga tsakiyar shekarar kuma aka ɗora wa baƙi harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, wanda ya kai riyal 400 a 2020, abin da ya sa mai iyali da yawa ya gwammace ɗansa ya fara kawo kuɗi yau maimakon ya zauna koyo. Su kansu lungunan raguwa suke yi, domin aikin babban titin Masar, wanda ya tashi daga wajen tashar ya nufi Harami, ya ci dubban gidaje a tsofaffin unguwannin yammacin birnin.

Ba wai dokar ba ta taɓa sassautawa ba. A 2012 majalisar ministoci ta amince 'ya'yan mace 'yar Saudiyya da ta auri baƙo su yi aiki, a kuma ƙirga su cikin kason 'yan ƙasa. A 2013 aka fara daidaita zaman al'ummar Bama, wato Musulmin Rohingya da suka daɗe a Makka, aka ba su igama ta shekara huɗu kyauta, aka kuma sauƙaƙa wa kamfanoni ɗaukar su ta hanyar ƙirga mutum huɗu a matsayin baƙo ɗaya. Wannan ya nuna ana iya ware tsofaffin mazauna daga sababbin shigowa idan an so. A 2021 kuma ma'aikatar ƙwadago ta fito da jarrabawar tantance gwaninta ga baƙi masu sana'ar hannu, irin su masu wayarin da masu aikin famfo. Jarrabawa ce ta ilmi da ta aiki, kuma ita ce mafi kusa da amincewa da abin da mutum ya koya a wajen makaranta, sai dai an yi ta ne don mai izinin aiki.

Akwai wani ɓangare na lamarin da ya shafi Abuja da Yamai fiye da Riyad. Da yawa daga waɗanda ake saukewa a filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba su taɓa taka Nijeriya ba, Larabcinsu ya fi Hausarsu, amma akwai sana'a a hannunsu. Nijeriya na da dokar ƙwadago ta 1974 wadda ita ma ta tanadi yarjejeniyar koyo a rubuce, tana da asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, da shirin koyon sana'a na hukumar samar da ayyukan yi ta NDE tun 1987. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna kuma ta soma gwada masu sana'a a bakin aikinsu, har da na kasuwar Panteka, tana ba su takardar shaida bisa abin da suka riga suka iya. Sharaɗin ke nan da zai dace da makanikin da ya koyi aikinsa a Rusaifa, muddin an sanar da shi cewa irin wannan gwaji yana nan, kuma an yarda ya yi shi da Hausa.