Shin Ko Kun San? Gasket Ɗin Kan Inji

Shin ko kun san cewa abin da ke raba wuta da ruwa da baƙin mai a cikin injin mota, kaurinsa bai kai milimita 2 ba a yawancin ƙananan motoci? Shi ne gasket ɗin kan inji, wanda kanikawa ke ce wa tof gasket. Yana shimfiɗe tsakanin bulo, inda fistin ke hawa da sauka, da kan inji, inda bawul da fulogi suke.

Shin ko kun san da wuya ya ƙone haka siddan? Zafi ne ke kashe shi. Alminiyam, wanda da shi ake ƙera kan injin yawancin motocin yanzu, yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe idan ya ji wuta. Inji na wuce zafin da aka tsara masa, wato wajen digiri 90 zuwa 105, sai kan ya lanƙwashe, gasket ya rasa matsi. Lanƙwasar ma ido ba ya ganinta. A injunan Toyota da dama, iyakar da kamfanin ya yarda da ita milimita 0.05 ce. Sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, an zura siririn ma'auni ta ƙarƙashinsa, sannan a gane. Don haka duk wanda ya shafa da tafin hannu ya ce muku "lafiya lau yake", bai auna komai ba.

Shin ko kun san murfin lagireto ba don hana ruwa zuba kawai aka yi shi ba? Ku duba samansa, za ku ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ke nan, kuma shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Robar murfin na mutuwa, ruwa ya fara tafasa da wuri. Abu mai arha irin wannan ya sha jawo wa mutane sauke kan inji.

Kun san allurar zafi tana iya sauka alhali inji na ƙonewa? Idan ruwa ya ƙare ƙaf, na'urar da ke auna zafin ba ta cikin ruwa kuma, sai ta daina faɗin gaskiya.

To, alamomin fa? Farin hayaƙi mai kauri da ke fita ta salansa, wanda ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya ɗumama, tururin ruwa ne. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Ruwa ya riƙa raguwa kullum amma ba ɗigo a ƙasa. Tiyon lagireto ya yi tauri jim kaɗan da tayar da mota da safe. A zaro ma'aunin baƙin mai a ga ya koma kalar shayi da madara. A kwance fulogi huɗu, uku da ɗan datti, ɗaya fes kamar sabo, domin tururi ya wanke shi.

Amma shin ko kun san babu ɗaya daga cikinsu da ta isa hujja ita kaɗai? Motar da ba ta tafiya mai nisa kan tara farin kumfa a ƙarƙashin murfin baƙin mai lokacin sanyin hunturu, alhali gasket ɗinta garau. Na'urar sanyaya baƙin mai idan ta fashe, ita ma tana gauraya mai da ruwa. Kuma gasket na iya ƙonewa tsakanin silinda biyu, ruwa bai taɓa mai ba ko kaɗan, inji dai ya riƙa rawa yana rasa ƙarfi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake gaggawar cewa "a sauke tof" tun ba a yi gwajin da bai fi minti 15 ba. Akwai wani shuɗin ruwa da ake zubawa a ƙaramar kwalba, a kafa ta a bakin lagireto inji na aiki. Idan hayaƙin konewa na shiga cikin ruwa, shuɗin ya rikiɗe ya koma rawaya a injin fetur, ko kore a na dizal. Akwai kuma ma'aunin matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi: silinda biyu maƙwabta suka nuna rauni tare, to zargi ya yi ƙarfi. Mai mota na da hakkin ya ce a yi masa waɗannan a gabansa.

Shin ko kun san ruwa ba ya matsuwa? In ya taru a silinda cikin dare aka murza makulli da safe, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Daga nan maganar ta wuce gasket.

Shin ko kun san ƙusoshin kan inji na motoci da yawa sau ɗaya ake amfani da su? An ƙera su ne su ɗan miƙe idan aka ɗaure, kuma ba sa komawa yadda suke. Ɗaurin ma da tsari: daga tsakiya ake farawa a yi waje, mataki-mataki, da sufana mai ma'auni, sau da yawa a ƙare da juyin digiri 90. Zura bututu a sufana a danna da ƙarfin tsiya shi ke sa sabon gasket ya mutu cikin 'yan watanni. Masu Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ta cika titunanmu, su lura: injinta mai lita 2.4, wato 2AZ-FE, an san shi da cinyewar zaren ramin ƙusoshi a bulo, musamman na baya. In ba a gyara zaren ba, ko gasket nawa aka saka ruwa zai ci gaba da tsiyaya.

Kankare fuskar kan inji don gyara lanƙwasa ma yana da iyaka, domin kowace kankara tana ƙara matsin silinda. A wasu injunan dizal, irin na Volkswagen, gasket kala uku ne wajen kauri, ana bambanta su da ƙananan ramuka 1, 2 ko 3 a gefe.

Shin ko kun san wasu magungunan kwalba da ake zubawa a lagireto don liƙe gasket suna ɗauke da sinadarin sodiyam siliket? A 2009, da gwamnatin Amurka ta yi shirin karɓar tsofaffin motoci masu shan mai, da shi aka riƙa kashe injunansu, a zuba shi a madadin baƙin mai har inji ya cije. A cikin ruwa yakan toshe ƙaramar kafa na ɗan lokaci, yakan kuma toshe siraran hanyoyin lagireto.

Kun san Volkswagen Beetle mai inji 1600 ba ta da wannan gasket sam? Iska ke sanyaya ta, ƙarfe ne ke zaune a kan ƙarfe.

Shin ko kun san cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsara tafiyar ruwa zuwa lagireto, ba ya maganin zafi? Ɓoye ciwon yake yi, mota ta ƙara shan mai, a wasu injunan ma ruwa ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanya bai bi ta lagireto sosai ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa tsatsa da ƙanzo yake tarawa. Kafin a rufe aikin sauya gasket, lallai a gano abin da ya fara kawo zafin: fanka ce ba ta tashi, famfon ruwa ne ya cinye, ko lagireto ne ya toshe? A sauya baƙin mai da filta, a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyinsa, a tsaya har fanka ta tashi da kanta ta kuma ɗauke kafin motar ta bar gareji.