Mutumin da ya riƙe marayu 10,024 bai roƙi kowa ba

Ranar 10 ga Maris, 1898, George Muller ya rasu a birnin Bristol na ƙasar Ingila yana da shekara 92. Da aka zo lissafin abin da ya bari, duka-duka bai wuce kimar fam 160 ba. Amma kuɗin da suka bi ta hannunsa sun haura fam miliyan ɗaya, marayun da suka ci, suka sha, suka yi karatu a gidajensa kuwa sun kai 10,024. Bai taɓa zuwa ƙofar wani attajiri neman taimako ba, bai kuma ci wa marayun bashin ko kwabo ba. In buƙata ta taso, sai ya shiga ɗaki ya durƙusa ya gaya wa Allah.

Wanda ya san shi a ƙuruciya ba zai taɓa zaton haka ba. An haife shi a 1805 a yankin Prussia, cikin Jamus ta yau. Ya tashi da ɗan hali, har kuɗin hannun mahaifinsa bai bari ba. Yana shekara 16 aka kulle shi saboda ya kwana a masaukai ya gudu bai biya ba. A 1825, yana ɗalibi a Halle, wani abokinsa ya ja shi taron addu'a a wani gida. Can ya ga mutum ya durƙusa yana addu'a, abin da bai saba gani ba ko da yake karatun aikin fasto yake yi. Daga wannan dare rayuwarsa ta juya.

A 1830, yana fasto a Teignmouth, shi da amaryarsa Mary suka yanke shawarar ya daina karɓar albashi. A lokacin haya ake biya ta kujerun majami'a, mai kuɗi ya zauna gaba, talaka ya koma baya, daga nan ake biyan fasto. Muller ya soke hayar, ya ajiye akwati, wanda ya ga dama ya saka ba tare da kowa ya sani ba. Ya koma Bristol a 1832, shekarar da kwalara ta yi ɓarna a birnin. A 1836 ya buɗe gidan marayu na farko a titin Wilson, mai ɗaukar 'yan mata 30.

Shi da kansa ya bayyana cewa tausayin yaran ba shi ne dalilinsa na farko ba. Ya ga Kiristoci da yawa, 'yan kasuwa da masu aikin hannu, suna furta bangaskiya ranar Lahadi, ranar Litinin kuwa su shiga cuta da ƙarya don tsoron talauci. Ya so ya kafa wani abin da ido zai gani, ya zama shaida cewa Allah yana jin addu'a har yanzu. Shi ya sa ya ɗaure kansa da ƙa'idar kada a faɗa wa kowa halin da asusu yake ciki.

Ƙa'idar ta sha gwaji. Daga 1838 an shafe shekaru ana wayar gari da abincin yini ɗaya kawai, wani lokaci ma'aikatan gidan su ba da nasu ko su sayar da kayansu. Akwai lokacin da asusu ya bushe daidai sa'ad da ya kamata a fitar da rahoton shekara, sai aka ɗage fitarwar, don kada rahoton ya zama bara a fakaice. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na safiyar da yara suka zauna gaban kwanukan da ba kome, Muller ya yi godiya, sai ga mai gasa burodi a ƙofa, bayansa mai madara wanda kekensa ya lalace a bakin gidan. Labarin yana da daɗi, amma in aka tsaya a kansa kawai za a ɗauka addu'a wata dabara ce ta samun abin duniya cikin sauƙi.

Littattafan lissafinsa sun fi wannan labari koyarwa. Duk abin da ya shigo, kuɗi ne ko zobe ko tsohuwar riga, ana rubuta shi, a kuma buga wa jama'a yadda aka kashe. Kuɗin da aka bayar don gini ba a karkatar da shi zuwa abinci. Da maƙwabta a titin Wilson suka koka da hayaniyar yara a 1845, bai kira su maƙiyan aikin Allah ba. Ya auna maganar, ya ga suna da gaskiya, ya nemi fili a Ashley Down. Bai sa tubali ko ɗaya ba sai da kuɗin ginin suka cika. Gida na farko ya buɗe a 1849, na biyar a 1870, gidajen biyar suna ɗaukar yara kusan 2,000. Ana koya musu karatu da sana'a, har wasu suka zarge shi da ɗaga 'ya'yan talakawa sama da matsayinsu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, Muller ma bai zauna ba.

Ba kuma kowace addu'arsa ce ta samu amsar da yake so ba. Ɗansa Elijah ya rasu yana jariri a 1835. A 1870 Mary ta kwanta ciwo, ya roƙi Allah ya tashe ta in nufinsa ne, ta rasu. Shi ya yi wa'azin jana'izarta, jigon wa'azin kuwa alherin Allah. Nan ne tawali'u yake bayyana. Littafi Mai Tsarki ya nuna Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da yake damunsa, ba a cire ba. Yesu Almasihu kansa, a Getsamani, ya faɗi abin da yake so, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba. A misalin da ke Luka sura 18, Bafarisiye ya tsaya yana lissafa wa Allah ayyukansa, mai karɓar haraji ya sunkuyar da kai yana neman jinƙai, na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe.

Wannan tafarki na Muller ya iso har ƙasarmu. Muller ya tallafa wa Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ta ƙasar Sin a 1865 bisa ƙa'idar dogara ga Allah ba tare da tabbacin albashi ba. A kan irin wannan ƙa'ida Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas a 1893. Gowans da Kent suka rasu a 1894, Bingham ya koma gida da ciwo. Daga wannan aiki da ya yi kama da asara mishan ta SIM ta tsiro, daga cikinta kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Yau addu'ar dare ta yawaita, lasifika ta ƙara ƙarfi, wasu ma umarni suke ba Allah kamar ɗan aikensu, suna sa masa ranar biya. Addu'ar Ubangiji kuwa abincin yini ɗaya ta koya mana mu roƙa, kamar yadda mannar jeji ba ta kwana sai ta daren Asabar. Fasto da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, kafin a kira taron addu'a na gaba, a buɗe wa jama'a littafin baiko su gani. Kai kuma mai karatu, in ka faɗa wa Allah buƙatarka, tashi ka kama aikinka da gaskiya, ka bar masa zaɓin amsa.